Hannun rigar da ya kai ni gidan rawa a Landan

Ni tela ce, shekara ashirin da ɗoriya ina kan keke a Kano, to duk inda na shiga abin da idona yake fara kamawa kaya ne ba fuska ba. Ko gidan gaisuwa naje sai in tsinci kaina ina kallon kalmasar hijabin mutum, Allah dai ya yafe min. Na faɗa ne don kada kuyi mamakin yadda wani siririn hannun riga da faɗinsa bai kai ɗan yatsa ba ya tsaya min a rai har shekara takwas, daga zuwana Landan na farko zuwa na biyu.

Na farkon a watan Fabrairun 2016 ne. Yaya ce ta haihu, haihuwar bazata bayan kowa ya ɗauka ta gama, babbar 'yarta ma tana jami'a, Umma kuma tace ita ƙafarta bazata iya wannan doguwar tafiyar ba, sai aka ce ni in je in taya ta zaman jego. Na je kuwa, na tarar da sanyin da hunturun Kano ko ƙaninsa bai kai ba, ƙarfe biyar na yamma gari ya fara duhu, ga yayyafi kullum kamar an ɗaura masa aure da garin. Sati uku ban leƙa ko'ina ba sai shagon halal na bakin titi a Wood Green, daga kunun kanwa sai gashin jariri sai wanki.

Babbar 'yar Yaya, muna ce mata Ummi saboda sunan mahaifiyarmu ta ci, tarihin zane-zane take karanta. Lokacin har tsiya nake mata ina cewa wannan karatun wane ofis ake shiga da shi. Rannan ta dawo da tikiti biyu tace Anti ki shirya jibi zan kai ki kallon bale. Nace balen me? Tace rawa ce, ta Turawa, wadda ake yi a kan tsinin 'yan yatsun ƙafa. Nace Ummi ki rufa min asiri, da girmana a ganni gidan rawa? Yaya daga kan gado tace ke dalla ki je ki sha iska kin ishe mu da ƙorafin gida, ba irin gidan rawar da kike tunani bane, tsofaffi ne ma suka fi yawa. Abin da ya kama ni dai maganar Ummi ce ta ƙarshe, tace Anti labarin riga ne fa, riga ɗaya da ta tada hankalin Faris, babban birnin Faransa, gaba ɗaya. Aikuwa nace to mu je mu gani.

Muka yi magariba a gida muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin Piccadilly, babu canji har Covent Garden. A cikin jirgin ta buɗe waya ta nuna min zanen. Mace ce doguwa a tsaye cikin baƙar riga, ta juya fuska gefe guda hanci kamar biro, hannun dama ta dafa wani ɗan teburi, fatarta fara fat har tana ɗaukar shuɗi-shuɗi, kunnen ne kawai ja. Sunan zanen Madame X, wato dai Madam Wance. Wanda ya zana John Singer Sargent, iyayensa 'yan Amurka amma a Florence ta Italiya aka haife shi a 1856, a Faris ya koyi aiki. Matar kuma Amélie Gautreau, haihuwar New Orleans a 1859, babanta ya mutu a yaƙin basasar Amurka tana 'yar shekara uku, uwar ta ɗauko ta zuwa Faris tana shekara takwas, tana kaiwa sha tara aka aurar da ita ga wani attajiri mai harkar banki da jiragen ruwa wanda ya ninka ta a shekaru. Nace to ai wannan labarin ko a unguwarmu akwai irinsa.

Wai ita ce tauraruwar gari a lokacin, in ta shiga taro har tsayawa ake a kalle ta. Hoda take shafawa mai ɗan launin shuɗi tun daga fuska har kafaɗa, gashinta kuma da lalle take rina shi, eh lallen da kuka sani. Ba ita ta nemi a zana ta ba, kuma ba mijin ne ya biya ba, Sargent ɗin ne ya dinga bi ta hannun mutane yana roƙo saboda yana ganin in ya zana ta sunansa ya gama fita, masu kuɗi zasu dinga layi. A 1883 ya bi ta har gidan hutunsu a yankin Brittany na Faransa ya yi ta fama da ita, bata iya zama waje ɗaya, har ya rubuta wa wata ƙawarsa wasiƙa yana kukan kyanta baya zanuwa ga kuma lalaci. Duk telar da ta taɓa ɗaukar awon amarya tana danna waya ta san wannan ciwon.

Da muka sauka a tashar na ga mutane sun yi cincirindo suna jiran lif, ni kuma da ƙarfin hali irin na ɗan ƙauye nace mu bi matakala mana. Ummi tace Anti guda 193 ne fa, ga shi ma an rubuta. Nace ni da nake hawa Dala. Wallahi ban kai rabi ba na gane kurena, matakalar murɗaɗɗiya ce tana ta zagaye kamar ba zata ƙare ba, ga kot mai nauyi ga safa biyu, na fito titi ina haki yarinya tana min dariya.

Gidan shi ne Royal Opera House, ginin da yake tsaye yanzu tun 1858, biyun da suka gabace shi gobara ta cinye su. Yana ɗaukar mutum sama da dubu biyu. Akwai wani zaure a gefe na ƙarfe da gilashi mai rufin baka, da can kasuwar furanni ce, yanzu nan ake tsayuwa ana shaye-shaye kafin a fara, mu dai ruwa muka karɓa muka wuce. Kujerunmu na can ƙololuwa inda ɗalibai da marasa ƙarfi suke zama, in ka leƙa ƙasa har jiri kake ji. Amma fa an kashe kuɗi a labule, jan karammiski ne mai nauyi da aikin zare ruwan gwal a ƙasansa, ni tun kafin a fara har na fara lissafin yadi nawa ya ci. Maganar Yaya kuwa gaskiya ce, furfura ta fi yawa, kuma babu wanda ya kalli hijabina sau biyu.

Rawa uku aka yi a daren, duka na mutum ɗaya, Christopher Wheeldon, Bature ɗan Ingila. Tamu ce a tsakiya, sunanta Strapless, ma'ana riga marar hannu, sabuwa fil a watan aka fara nuna ta. Mark-Anthony Turnage ya tsara kiɗan, makaɗan suna cikin wani rami a gaban dandali sai kawunansu kake hange. Abin da ban sani ba sai da aka fara, ashe ba a magana ko kalma ɗaya, ba waƙa, komai da jiki ake faɗa. Na raɗa wa Ummi nace yaushe zasu fara bayani, tace Anti ai sun fara.

Wadda ta fito a Amélie 'yar Rasha ce, Natalia Osipova, daga gidan rawar Bolshoi na Mosko ta taso. Ƙaramar mace ce amma in ta yi tsalle sai kace an ɗaura mata zare daga sama, kuma duk nisan da muke ina jin ƙwas-ƙwas ɗin takalmanta in kiɗa ya lafa. Na ɗauka katako ne a bakin takalmin, ashe ƙyalle ne ake jerawa hawa-hawa da gam har ya yi tauri a rufe da satin, kuma kowace da hannunta take ɗinka ribon ɗin da take ɗaurewa a idon sawu. Wannan ya burge ni, ashe duk tauraruwa da allurarta a jaka. Edward Watson shi ne Sargent, wani siriri mai jan gashi da yake lanƙwasa kamar bashi da ƙashi. Sai wani likita, Pozzi, cikin doguwar jar riga, wanda shi ma Sargent ya zana a 1881, kuma gulmar gari ta ce akwai wani abu tsakaninsa da Amélie. To a nan ne fa aka zo wajen da na rasa inda zan sa idona, don rawar da suka yi su biyu ba ta kallo da 'yar cikinka a gefe bace. Na sunkuyar da kai ina ta gyaran jaka, ita ma ta ƙura wa takardar shirin ido a cikin duhu kamar tana iya karantawa. Har yau bamu taɓa tada zancen wannan wajen ba.

Wajen da ya tsaya min shi ne ranar buɗe zanen. A gaske abin ya faru ne a watan Mayun 1884, a babban bajekolin zane na shekara-shekara na Faris da ake kira Salon, inda ake rataye zane dubbai. A zanen na asali hannun rigar na dama ya zame daga kafaɗa ya sauko kan damtse. Shikenan fa laifin. A zauren nan akwai zanen mata tsirara haihuwar uwarsu birjik, babu mai cewa uffan saboda an laƙaba musu sunan alloli na tatsuniya, amma wannan kowa ya san ta, an san mijinta an san gidansu, duk da ba a rubuta sunanta ba sai aka sa taurari uku a madadinsa. Jaridu suka ce fatarta kamar ta gawa, masu zanen barkwanci suka samu abin yi, uwarta ta je har wajen aikin Sargent tana kuka tana cewa 'yarta ta shiga uku duk Faris dariya ake mata, ya cire zanen. Ya ƙi.

A dandali sai aka mayar da wannan gulmar rawa. Mata da maza cikin kayan alfarma suka kewaye ta, a matso a ja baya, a juya mata ƙeya, a nuna da yatsa, ita tana tsakiya tana neman fuskar da zata kalle ta babu, har aka raba ta da rigar ta koma ita kaɗai cikin wani kaya mai launin fata. Ban buƙaci tafinta ba a nan. Duk wadda ta taɓa shiga gidan biki ta ji hira ta ɗauke ɗif saboda shigowarta ta san me ake rawa a kai. A ƙarshe kuma sai ga mutanen zamaninmu sun shigo da kayan yanzu suna tsaye gaban zanen a gidan tarihi, ita tana gefe babu mai ganinta.

Amma in faɗi gaskiya, duka-duka rawar bata gamsar da ni ba. Minti arba'in da wani abu ne, an cusa mutane da yawa, ga likita ga miji ga uwa ga wani saurayi abokin mai zanen ga 'yan rawar mashaya masu ɗaga siket, in ba don Ummi ta bani labari a jirgi ba da ban san waye waye ba. Kuma baƙar rigar da aka ɗinka mata dole aka sassauta ta aka rage nauyi don ta iya ɗaga ƙafa, to sai ta rasa wannan tsayuwar ta cikin zanen. Da aka fita hutu ana sayar da askirim a 'yan ƙananan kofuna, cikin wannan sanyin, na faɗa wa Ummi haka, tace masu sharhi a jarida ma da yawa abin da suka ce kenan. Nace to a bani aikin mana. Ta ukun da aka rufe da ita, wadda babu labari sai motsi da haske ruwan zinariya, ita ta fi min daɗin kallo.

Na tambaye ta ina zanen yake mu je in ga rigar da idona, tace ai yana Niyok, gidan tarihi na Metropolitan. Bayan abin kunyar Sargent ya goge hannun ya sake zana shi a kan kafaɗa, aiki ya ja baya a Faris, ya tattara ya koma Landan a 1886 ya zama mai zanen manya, kuɗi har ya gaji. Zanen ya zauna a wajensa sama da shekara talatin, sai a 1916 ya sayar kan fam dubu ɗaya, shekara guda bayan rasuwar Amélie, yace yana jin shi ne aiki mafi kyau da ya taɓa yi, kuma kada a sa sunanta. Nace wato shi ya tsira da suna da kuɗi, ita ko sunan ma an hana ta. Na dawo Kano da abin a raina.

Sai 2024, bayan ƙaramar sallah, auren Ummi ya sake kai ni. Ni na ɗinka kayan amarya tun daga na kamu har na dina, na cika akwati biyu, ina addu'a kada kilo ya wuce. Ana saura kwana huɗu biki, gida ya cika da 'yan uwa daga Manchester da Leicester ana ta suyar cincin, ta ja ni gefe tace Anti kin tuna matar nan mai hannun riga? Ta zo gari. Ashe gidan ajiye zane-zane na Tate Britain sun shirya nuni a kan Sargent da tufafi, daga Fabrairu zuwa Yuli, sun aro zanen daga Amurka. Muka sulale da sunan zamu sayo zare.

Gidan yana Millbank a bakin kogin Thames, a Pimlico ake sauka a taka kaɗan. An buɗe shi a 1897 da kuɗin Henry Tate, attajirin sukari, a filin da da can kurkuku ne. Shiga gidan kyauta ne amma wannan nunin sai da tikiti. Ni kam ranar kamar an shirya don ni, saboda ba zane kawai aka rataye ba, an ajiye ainihin wasu kayan da mutanen suka sa a cikin gilashi kusa da zanensu. Akwai koriyar rigar wata 'yar wasan kwaikwayo Ellen Terry da aka yi wa ado da fukafukan ƙwaro na gaske masu walƙiya, ɗaya bayan ɗaya aka ɗinka su, na tsaya ina tausayin idon wadda ta yi aikin. Akwai baƙar alkyabbar Lady Sassoon mai shafi ruwan hoda, a gilashi shafin a ɓoye yake, a zane kuma ya juyo shi waje ya zubo tun daga kafaɗa. Nan na gane mutumin nan da hannunsa yake shirya kaya a jikin mutane yadda yake so, ya naɗe ya soke da fil, ba abin da ya tarar yake zanawa ba. Likitan nan mai jar riga ma yana nan a tsaye, na ce masa kai ne ka bani kunya a gaban 'yata.

Sai ga Madam Wance. Tsayin zanen ya haura mita biyu, dole ka ɗaga kai. Waya bata nuna komai ba ashe, baƙin rigar ba baƙi ɗaya bane, akwai inda yake shan haske akwai inda yake haɗiye shi, a kanta akwai ɗan jinjirin wata na lu'ulu'u, hannun hagu ta tattaro siket ɗin da mafici ga zoben aure a yatsa, na dama kuma ta murɗa shi a kan teburin nan murɗawar da in ka gwada minti biyu sai kafaɗa ta ƙage. Akwai kuma wani kwafin da ya fara bai gama ba, mallakin Tate ɗin ne, a wannan kafaɗar dama babu hannu sam, ko sama ko ƙasa, kamar ya tsaya yana shawara.

Na matsa iya inda aka yarda a matsa na ƙare wa ƙirjin rigar kallo, sai dariya ta kama ni. Nace Ummi wannan hannun ai ba ya riƙe komai. Rigar a tsaye take da kanta, an sa mata ƙashi a ciki an ɗame ƙugu, irin koset ɗin nan da amaren yanzu suke damunmu da shi, ko ka yanke hannayen biyu da almakashi babu inda zata je. Ado ne kawai, sarƙa ce mai duwatsu. Duk mutanen da suka tsaya a 1884 suna salati wai saura kaɗan riga ta faɗi, da sun tambayi telar da ta ɗinka da ta huce musu. Kuma gyaran da ya yi bai ɓoyu ba, hannun dama ya miƙe ya ɗame kamar an ja shi da ƙarfi, na hagu kuma ya kwanta yadda sarƙa take kwanciya a jiki. In yarinyar shagona ta kawo min aiki hannu ɗaya ya fi ɗaya ɗamewa haka, farkewa zata yi.

Ummi ta ƙara min da wani abin da rawar bata nuna ba. A 1891, shekara bakwai kacal, Amélie ta sake tsayawa wani mai zanen, Gustave Courtois, ya zana ta fuska a gefe, farar riga, hannu ɗaya a zame, kuma babu wanda ya yi ko tari. Wannan yana Faris a gidan tarihi na Orsay. Wato matar bata mutu a tsaye ba kamar yadda aka nuna mana a dandali, ta koma ta sake sauke hannun da ganganci. Ni wannan ce matar da naso in ga an yi wa rawa.

Mun daɗe har Yaya ta fara kira tana tambayar wane irin zare ne wannan. A shagon ƙofar fita na sayi katin zanen guda ɗaya, muka tsaya a hanya muka sayi zaren gaske don kada a kama mu. Katin yana nan na manna shi a bango saman keken sufilata, kuma tunda na dawo an yi mutum uku da suka nuna shi suka ce Hajiya irin wannan nake so, amma a sa min dogon hannu a rufe ƙirjin da leshi. Biyu na ɗinka musu, ta ukun har yanzu bata kawo yadi ba.